Malam, daga wurinka X ɗin ya fito

Wannan bawan Allah da bidiyonsa ke yawo tun jiya, wanda ya tsaya gaban kyamara yana cewa matarsa ta cuce shi don ta sake haifa masa mace ta huɗu, wallahi ba shi ya fi ba ni haushi ba. Masu kare shi ne. Mutane da gemunsu da digirinsu suna cewa a yi masa uzuri, wai ai ya yi haƙuri da ita. Haƙurin me?

Mace ba ta zaɓar jinsin abin da ke cikinta. Ba ta da ma abin da za ta zaɓa da shi. Ƙwayoyin jikinmu na ɗauke da kiromosom 46, wato wasu 'yan zaruruwa masu ɗauke da bayanan halittar da muke gada, guda 23 daga uwa, 23 daga uba. Biyu daga ciki su ne na jinsi: mace tana da X da X, namiji yana da X da Y. Ƙwan da mace ke saki X yake ɗauke da shi, ko ta so ko ta ƙi, domin abin da take da shi kenan. Maniyyin namiji ne ya kasu biyu, wasu ƙwayoyin X, wasu Y. Wanda ya samu shiga cikin ƙwan, shi ya yanke hukunci. In Y ne a samu namiji, in X ne a samu mace. To Malam, sau huɗu kana aika X, sannan ka zo kana tuhumar wadda ta karɓi saƙo?

Kuma fa ba sabon ilimi ba ne. Tun 1905 wata masaniya 'yar Amurka, Nettie Stevens, ta gano wannan tana nazarin wani ƙwaro a madubin bincike. A 1990 aka gano ainihin ƙwayar gadon da ke kan Y, mai suna SRY, wadda ke sa ɗan tayi ya zama namiji. Fiye da shekara ɗari ana koyarwa, mu har yanzu muna neman mai laifi a ɗakin haihuwa.

Na san abin da za ku ce. "Ai wane da ya sake aure, cikin farko namiji aka haifa masa." Sai me? Kowane ciki kamar wurga kwabo sama ne, wurgin jiya bai san na yau ba. A cikin gidaje 16 masu 'ya'ya huɗu, lissafi ya nuna kusan guda ɗaya mata zalla zai samu, wani ɗaya kuma maza zalla. Wai kuma "danginsu mata suke haifa". Ko kakarta ta haifi mata goma, ba ta bar mata gadon Y ba, balle a ce ta ɓoye shi.

Sarki Henry na takwas na Ingila ma haka ya yi ta wannan haukan. Mata shida ya aura yana farautar magaji. Ɗaya daga cikinsu, Anne Boleyn, ta haifa masa mace, a 1536 ya sa aka fille wa uwar kai bisa wasu tuhume-tuhume. Ɗa namijin da ya samu daga baya yana shekara 15 ya rasu. Yarinyar da aka raina, Elizabeth, ita ta mulki ƙasar shekara 44.

Maganar gaskiya, shi ma mijin ba laifinsa ba ne. Babu namijin da ke tsayawa ya tantance maniyyinsa. Allah ne mai bayarwa, kuma ta wannan hanya ya tsara abin. Abin da ke ci mini rai shi ne yaran nan huɗu. Intanet ba ta mantuwa. Wata rana babbar za ta riƙe waya, ta ga mahaifinta yana lissafa ta cikin asarar da ya tafka, ga uwarta kuma ko jinin haihuwa bai ɗauke mata ba ana yawo da sunanta.

Af, da a ce zakara ne ya yi wannan ƙorafin, da na saurare shi. A wurin tsuntsaye abin a juye yake: namiji ne mai iri ɗaya, Z da Z, mace ce mai Z da W, don haka kaza ce ke ƙayyade jinsin ɗan tsako. Shi kuwa kada ba ruwansa da wannan rigimar, zafin wurin da ƙwai ke kwance shi ke yanke hukunci.