Hawainiya ba kaza ba ce

Jiya ƙanena ya turo mini bidiyon wani Ba'amurke da hawainiya a kafaɗa, ya rubuta a ƙasa: "Yaya, ka ga harka. Da dala ake sayar da su, mu kuma ga su nan a bayan gari kyauta." Wai zai fara kiwo. Yaron da ko inuwarta ya gani sai ya canza hanya!

Abin da masu bidiyon nan ba sa nunawa shi ne wahalar da macen ke sha. Ɗauki hawainiyar Yemen, mai tukku a ka, wadda ta cika gidajen Turai da Amurka. Ko ba ta taɓa ganin namiji ba sai ta ɗauki ƙwai, kamar kazar gidan gona. A daji abinci sai ta nema, ƙwan ba ya yawa. A keji kuwa mai ita yana ji da ita, kullum yana ɗura mata gyare, ga ɗumi dare da rana, sai ciki ɗaya ya kai ƙwai 60 ko 70. Kowane ɓawo kuma daga jikinta yake zuƙar sinadarin kalsiyam. Idan babu hasken rana ko fitilar da ke maye gurbinsa, ƙasusuwanta su yi laushi, ƙafafu su lanƙwashe, ta kasa riƙe reshe. Gatan da aka yi mata shi ya kassara ta, kuma shi ya sa mazan suka fi matan tsawon rai a hannun masu kiwo.

Ranar zuba ƙwai ma wani aiki ne. Za ta sauko ƙasa tana zagaye, ta daina ci. Tana buƙatar yashi mai laima, zurfinsa wajen santimita 30, ta haƙa rami ta shige. Ka kuskura ka leƙa ta haɗa ido da kai, sai ta bar ramin. In ta yi ta riƙewa ƙwan ya maƙale, idanu su zurma, ta kwanta ƙasa. Daga nan sai likitan dabbobi, wani lokaci har da tiyata. Wane likita ne a unguwarku ya taɓa yi wa hawainiya tiyata?

To a ce ta zuba lafiya. Kaza kwana 21 ne. Ƙwan ta Yemen wata 6 zuwa 9 yake yi, na ta Madagaska mai launi kamar atamfa yakan kusa shekara. Ba a juya shi, ba ya son bushewa, ba ya son zafi ya tsananta. Ka tuna zafin Afrilu da halin wutar lantarkinmu. In sun ƙyanƙyashe, ga 'ya'ya 40 kamar ɗan yatsa, ba sa cin komai sai ƙananan ƙwari masu motsi, ba sa shan ruwa a kwano sai ɗigo a kan ganye, suna girma kuma sai an raba musu keji don ba sa zaman tare.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne namu na Afirka ta Yamma. An yi shekara da shekaru ana fitar da irin da ake kira ta Senegal daga Togo da Benin da Ghana, da yawansu kamun daji, duk da cewa yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, ta ce sai da takardar izini. Saboda arha, kusan ba mai wahalar da kansa ya kiwata ta har ta hayayyafa. Ta isa can da tsutsar ciki da ƙishirwa, ta mutu cikin 'yan watanni, a sake odar wata.

Duk na rubuta wa ƙanen nawa wannan. Sai bayan Isha ya amsa: "To Yaya, zomaye fa?"