Gidan Yari Ba Ya Raba Mutum Da Jarabar Ƙwaya

Duk wanda ya taɓa ganin mai shan ƙwaya a ranar da ya rasa ta, ya san abin ya wuce taurin kai. Gumi na keto masa, jiki na karkarwa, ga amai ga ciwon gaɓoɓi, barci ya ƙaurace wa idonsa. Irin wannan mutum ne ake kamawa da ɗan ƙulli a aljihu, ko ya ɗauke wayar wani don ya samu na saye, alƙali ya tura shi gidan yari, a ce an gama da shi.

An dai kashe maciji ne ba a sare kai ba. Katanga na iya raba shi da ƙwaya na ɗan lokaci, amma jarabar na nan kwance tana jiran ranar fita. Makonnin farko bayan sallama su suka fi tayar mini da hankali, musamman ga masu shan hiroyin da dangoginta: jiki ya riga ya manta da yawan da ya saba ɗauka, mutum ya sha daidai na da, numfashi ya tsaya.

Akwai wata hanyar, kuma an gwada ta. A 1989 aka buɗe kotun masu shaye-shaye ta farko a Miami da ke Amurka. Mai laifi ya zaɓi magani maimakon ɗauri, ana gwada fitsarinsa a kai a kai, yana komawa gaban alƙali ya ba da bayani. In ya yi wasa, hukunci na jiransa. Fotugal kuwa tun 2001 ta daina gurfanar da wanda aka kama da abin da bai wuce na shan kwana 10 ba, sai a kai shi gaban kwamitin da ya haɗa masanin shari'a da ma'aikatan lafiya da na jin daɗin jama'a. Fataucin ƙwaya har gobe laifi ne a can.

Masu cewa wannan sassauci ne ina fahimtar fushinsu, domin wanda aka yi wa sata yana da haƙƙi, kuma dillali gidan yari ya dace da shi. Sai dai tsoron da nake ji daban ne: a yi irin wannan doka, a bar cibiyoyin jinyar masu shaye-shaye babu likita, babu magani irin metadon, wanda ake ba masu jarabar hiroyin don rage musu ƙishirwarta, babu mai bibiyar mutum bayan ya koma gida. Alƙalin da ba shi da inda zai tura marar lafiya, gidan yarin dai zai sake tura shi.