Yadda Po-Po-Po Ta Ƙara Mana Sadaki

Tun 2006 na san kiɗan nan, kuma shekara da shekaru ina cika baki cewa na Italiya ne. A ganina hujjata ba ta da makawa. A shekarar ce Italiya ta doke Faransa a wasan ƙarshe na cin kofin duniya a Jamus, daren da Zidane ya tunkuyi Materazzi a ƙirji, kuma da kunnena na ji Italiyawa suna ta rera "po-po-po-po-po-po-po" kamar an taɓa gidan rina. Sai na yanke wa kaina hukunci cewa wani tsohon taken yaƙi ne da suka gada kaka da kakanni.

Ranar wata Asabar muna gidan kallon unguwarmu, aka zura ƙwallo, kiɗan ya tashi a talabijin. Na gyara zama a benci na fara yi wa samari darasin tarihi. Ban kai ko'ina ba ɗan yayata, wanda ke aji biyu a jami'a, ya ce, "Kawu, ai waƙar nan ta Amurka ce."

Na ce, "Kai, yaro man kaza! Lokacin da na fara jin kiɗan nan kana goye a bayan uwarka."

Gardama ta yi tsami har mai gidan kallo ya rage sautin talabijin. Mu ba 'yan caca ba ne, don haka aka yi sharaɗi: in shi ya faɗi, zai wanke mini babur wata guda. In ni ne, zan sa kiɗan ya zama ƙarar kiran wayata wata guda, ba kashewa, ba rage murya. Na amsa da sauri, har ina tunanin omon da zan saya masa.

Yaron nan ya zaro waya ya kwance ni a gaban jama'a. Ashe sunan waƙar "Seven Nation Army", ta fito a 2003, kuma wata ƙungiyar mawaƙan rock ce mai suna The White Stripes daga birnin Detroit na Amurka ta yi ta. Da na ji "ƙungiya" na zaci taron makaɗa ne kamar na fada. Mutum biyu ne kacal: Jack White da jita da waƙa, Meg White da ganguna. Sun daɗe suna ce wa duniya wa da ƙanwa ne, alhali mata da miji ne da suka rabu, kuma mijin ne ma ya ɗauki sunan matar. A nan wani dattijo da ke bayanmu ya ce, "Daga jin wannan ka san ba za a ƙare lafiya ba." Sun kuwa watse a 2011.

Ban sallama ba. Na ce to ta ina Italiya ta shigo? Ya ce, "Kawu, aro suka yi, aron ma hannu na biyu." A watan Oktoban 2003 magoya bayan Club Brugge ta Beljiyam suka je Milan kallon wasa da AC Milan, suka ji waƙar a wata mashaya, suka shiga fili da ita a baki. Suka kuma ci wasan ɗaya da nema, sai ta zame musu ta sa'a. A farkon 2006 ƙungiyar Roma ta Italiya ta je Beljiyam ta kara da su, magoya bayanta suka dawo gida da kiɗan a matsayin tsaraba. Bayan 'yan watanni aka shiga kofin duniya, ni kuma na tsince shi a bencin gidan kallo na ba shi asalin da bai sani ba. Abin da ya fi ba ni haushi, sunan waƙar ma ba na yaƙi ba ne: Jack yana yaro ya kasa furta "Salvation Army", sunan wata ƙungiyar agaji ta Kirista, daidai, shi ne ya riƙe kwaɓaɓɓen. Har ƙaton amon nan da ke girgiza ciki jita ce kawai aka saukar wa murya da na'ura. Amo bakwai tak, babu kalmar da sai ka haddace, shi ya sa Bature da Balarabe da Bahaushe kowa ke iya jan ta.

Da hannunsa ya sa mini kiɗan a waya. Kwana goma sha tara ina fama: a kasuwa, a layin banki, a gaban matata da ta fara tambaya ko tsufa ne ya zo mini da gardama.

Sai ga ranar yanke sadakin ƙanena. Ni ne babba a cikin matasan da suka raka baffanninmu, na sha babbar riga mai aska takwas, na jefa waya can ƙasan aljihu. Aka shimfiɗa mana darduma a zaure, aka gaisa, aka sake gaisawa, aka raba goro. Baffan yarinya, dattijo mai farin gemu da magana ɗaya-ɗaya, ya yi gyaran murya ya ce su ba sayar da 'ya suke yi ba, albarka suke nema, a kawo naira dubu 150. Mun zo da shirin abin da ya fi haka. Zaure ya yi tsit, kowa a ɓangarenmu yana ƙoƙarin ɓoye murna.

A daidai nan aljihuna ya ce: po, po-po-po-po, po, po.

Wanda ya taɓa neman waya a aljihun babbar riga yana zaune ya san irin wannan jarrabawa. Na cusa hannu na kamo carbi. Na sake cusawa na kamo makullin babur. Na danne ta ta waje, ashe maɓallin ƙara murya na danna. Kafin in ankara yaran gidan da ke leƙe ta ƙofa sun ɗauka, su wajen shida, har da tafi. Baffanmu ya zuba mini wani kallo da rabona da shi tun ina makarantar allo.

Da ƙyar na kashe. Baffan yarinya ya shafa gemu ya ce, "Malam, wannan ba shi ne kiɗan da jikokina ke yi in an ci ƙwallo ba?"

Na ce, "Shi ne, Baba, amma..."

Ya ce, "To madalla. Ashe ƙwallo kuka ci mu. Tunda abin ya zo muku da araha har da kiɗa, a cika dubu 200."

Aka yi dariya, ni ma na taya, ina jiran ya ce wasa yake. Ya ɗaga hannu aka shafa fatiha.

Da muka fito na duba in ga wane ne ya kira. Ɗan yayata ne. Na kira shi ina huci, ya ce, "Kawu, ba komai, dama gwadawa nake in ji ko ka kashe muryar." Ƙanena kuwa ya ce dubu hamsin ɗin nan a wuyana take, kuma tun daga ranar kullum sai ya kira ni sau uku yana tuni. Saura kwana goma sha ɗaya sharaɗin ya cika, don haka duk kiran bashin da kiɗan yake shigowa.