Ba lallai sai ka kai 59 da rabi ba kafin ka taɓa kuɗin 401(k) ɗinka

'Yan uwa da ke aiki a Amurka da yawa sun ɗauka duk wanda ya ciri kuɗi daga 401(k), wato asusun ajiyar kuɗin ritaya na wajen aiki, kafin shekara 59 da rabi to IRS, hukumar harajin Amurka, sai ta zabtare masa tarar kashi 10. Ba ko yaushe ba. In ka bar aiki a cikin shekarar da za ka cika 55 ko bayanta, ko murabus ka yi ko korarka aka yi duk ɗaya ne, kana iya cira daga asusun wannan wajen aikin ba tara. 'Yan sanda da 'yan kwana-kwana ma tun daga 50 ne.

Amma fa tara kawai aka yafe, haraji yana nan daram, galibi ma tun wajen biyanka za su riƙe kashi 20 na gwamnatin tarayya.

Inda mutane ke yin asara shi ne gaggawa, da an bar aiki sai a kwashe kuɗin kaf a zuba a IRA, wato asusun ritaya da mutum ke buɗe wa kansa, don an ji wai ya fi yawan zaɓin inda za a zuba jari, to da zarar sun shiga can shi ke nan, wannan sassaucin ya tafi sai ka jira 59 da rabi ɗin. Haka wanda ya bar kamfani yana 52 sannan ya zauna jiran 55, bai shafe shi ba, shekarar barin aikin ake dubawa.

Kuma ka tambayi masu kula da asusun tukuna, wasu ba sa yarda a riƙa cira kaɗan-kaɗan sai dai gaba ɗaya, nan kuwa haraji zai yi maka nauyi a shekara guda.