Turancin Jarrabawa: A Ba Yaro Dalili Kafin A Ba Shi Amsa

Duk shekara in JAMB da WAEC suka ƙarato, tambaya ɗaya ce ke yawo a bakin ɗalibanmu: "Malam, a nan A ce ko C?" Malam ya ce C, yaro ya sa alama ya wuce ta gaba. A ganina nan ake cutar yaran nan ba tare da an sani ba. Wannan tambayar da wuya ta sake fitowa yadda take, amma ƙa'idar da ke ƙarƙashinta za ta dawo cikin wata riga, wanda kuwa harafi kaɗai aka ba shi ba zai gane ta ba ko da sun yi kiciɓis.

Ƙa'idojin da ke kayar da ɗan Hausa ba su kai yawan da ake tsorata shi da su ba, kuma akasarinsu daga gida suka taso. Hausar da ke kansa ce ke leƙowa ta cikin Turancin. Babu abin kunya a nan, Bayarabe da Ibo ma kowa da nasa wurin tuntuɓen. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne da wuya ka ga malamin da zai ajiye jimlar Hausa kusa da ta Turanci ya nuna wa yaro daidai inda suka rabu. A makarantu da dama ma, in aka ji Hausa a bakinka cikin aji sai a ce ka yi banakula, har a ci ka tara. An kori kayan aikin da ya fi kowanne saurin warware matsalar.

Ga abin da nake nufi. Bahaushe yana cewa "Idan ka zo zan ba ka." Wannan "ka zo" ɗin siffarsa ɗaya da ta "ka zo jiya", wato ta aikin da ya kammala. Sai yaro ya bi sawun Hausa ya zaɓi "If you came, I will give you", alhali Turanci "If you come" yake so a nan. Ɗaya nau'in kuwa da ake ta firgita ɗalibai da shi, wato "If I had known, I would have come", ai "Da na sani da na zo" ne, babu ragi babu ƙari. In maganar abin da ya riga ya wuce ce, duk inda Hausa ta sa "da… da…", to a Turanci ka nemi "had" a gefe guda da "would have" a ɗaya gefen. Minti biyar ya isa a fahimtar da yaro wannan in da Hausa aka yi masa bayani. Da Turanci zalla, ana iya cinye zangon karatu guda yana haddar "type one, type two, type three" bai san abin da suke nufi ba.

Haka batun wakilin suna. Muna cewa "gidan da muke zaune a cikinsa", ko "yaron da na ba shi kuɗi". A Hausa wannan "sa" da "shi" suna zaune daram. A Turanci "which" ko "whom" sun riga sun riƙe gurbin, don haka "the house which we live in it" kuskure ne, dole a cire "it". Sai kuma wanda ya fi kowanne kama mutane: tambaya mai korewa. In aka ce maka "Ba ka gama ba?" za ka ce "E, ban gama ba", kana gaskata mai tambaya. Bature ba ya duban mai tambaya, abin da ya faru yake duba. In bai gama ba, amsar "Haven't you finished?" ita ce "No, I haven't." Babu "Yes, I haven't" a Turancin jarrabawa ko kaɗan, amma ita ce hannun ɗan Hausa ke fara kaiwa gare ta, kuma masu shirya tambayoyi sukan ajiye ta cikin zaɓi.

Sauran sanannu ne. "Ara mini" ta haifi "borrow me" a inda ake son "lend me". "Ina da" da "ina ji" suka haifi "I am having a car" da "I am hearing you". Muna da shawarwari, labarai, kayayyaki, sai yaro ya liƙa wa "advice", "information", "furniture", "luggage" da "equipment" harafin s, alhali ba a jam'inta su. Ƙamus na masu koyo irin Oxford Advanced Learner's yana sa harafin U a gaban irin waɗannan kalmomi don nuna ba a ƙirga su. Yara da yawa suna da ƙamus ɗin, ba wanda ya taɓa gaya musu amfanin harafin.

Batun ma'ana ya fi ba ni tausayi, domin a nan ne masu ƙoƙari ke ɓarnar ƙarfinsu. Za ka ga yarinya ta cika littafi da manyan kalmomi, kowace da fassararta guda ɗaya, tana hadda kamar karatun allo. Tambayoyin "nearest in meaning" da "opposite in meaning" kuwa ba ma'anar kalma ita kaɗai suke nema ba, ma'anarta a cikin wannan jimlar suke nema. Ɗan Hausa ya kamata ya fi kowa gane haka. Ɗauki "ci": ci abinci, ci jarrabawa, ci amana, ci bashi, ci kasuwa, ci gaba, ci mutunci. Wa zai ce ma'anar "ci" ɗaya ce? Maƙwabciyarta ce ke faɗin abin da take nufi. To haka "put" take: "put off" ɗage abu, "put out" kashe wuta, "put up with" haƙuri da abin da ba ka so. Shi ya sa kalma ba a rubuta ta tsirara a littafin koyo, sai da jimlar da aka tsince ta ciki. A ɗakin jarrabawa kuma, ka cire kalmar da aka ja wa layi, ka gwada zaɓin huɗu ɗaya bayan ɗaya a gurbinta, ka ga wanda bai canja saƙon ba. Sannan ka sake duba umarnin da ke sama, domin a tambayar kishiya kusan kullum akwai kalma mai ma'ana ɗaya da wadda aka ja wa layi cikin zaɓin tana jiran mai gaggawa.

Gaggawar ma da dalilinta. JAMB tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 daga ciki na Turanci, sauran darussa uku 40 kowanne. In ka raba, daƙiƙa 40 ke kan kowace tambaya. Wanda sai ya fassara jimla zuwa Hausa a zuci, ya yi tunani, ya mayar, lokaci zai ƙare masa. Kwatanta harsunan biyu aikin gida ne na watanni kafin ranar, har ƙa'idar ta zauna yadda ido kaɗai zai gane kuskure.

A WAEC lissafin daban ne, kuma ɗalibai kaɗan ne suka san yadda ake raba makin. Insha'i kalma wajen 450 ake so, maki 50: goma na abin da ka faɗa, goma na tsari, ashirin na iya sarrafa harshe, goma na tsaftar rubutu, wato nahawu da rubuta kalma daidai da alamomin rubutu. A wannan goman na ƙarshe, kowane kuskure rabin maki yake ci. Kuskure ashirin, goman ta tafi gaba ɗaya, kuma ana iya tara ashirin ɗin tun kafin a gama shafin farko: ƙaramin harafi a farkon suna, "am" babu "I", "their" a gurbin "there". Doguwar jimla mai manyan kalmomi ita ce gonar kurakurai. Gajeriya mai lafiya ta fi ta kawo maki. A sashen taƙaitawa mai maki 30, in aka ce jimla uku, to cikakkun jimloli uku ake nufi, da bakinka, domin kwashe layin marubucin yadda yake ba ya kawo komai. A sashen auna fahimta kuma, in aka ce ka kawo kalmar da za ta maye gurbin wata, dole ajinsu ya zo ɗaya har da lokacin aikatau: in "abandoned" aka ba ka, "deserted" za ka rubuta, "desert" ba ta shiga.

Takardar furuci mai tambaya 60 ita ce yaranmu suka fi saki tun kafin su gwada. Gaskiya ne p da f da v suna haɗe mana, "think" ta koma "sink". Akwai kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba. Hausa tana bambanta dogon wasali da gajere, kowa ya san garin da ake zama ciki daban da garin tuwo, amma dogon wasali ba ya zama a gaɓar da baƙi ya rufe. Shi ya sa "seat" da "sit", ko "pool" da "pull", suke fita iri ɗaya a bakinmu. Duk da haka takardar a rubuce ake amsa ta, kuma babban tarkonta rubutun Turanci ne da ba ya bin furuci: "though", "tough", "cough" da "through" wutsiyarsu ɗaya, sautinsu huɗu, b ta "debt" da ta "plumber" ba a faɗin su, "ed" ta "walked" t ce a kunne. Ƙamus na waya mai furta kalma yana maganin wannan, muddin za a saurara a maimaita da baki.

Ga mai shiri, tambaya ashirin a rana daga na shekarun baya ta wadatar. Ka amsa su cikin minti goma sha biyar da agogo a gabanka, sannan ka ba bitarsu minti arba'in. Ka sami littafi mai shafi arba'in ka raba kowane shafi gida uku: abin da ka zaɓa, abin da yake daidai, da dalili, dalilin kuma ka rubuta shi da Hausa. Wadda ka canka ka dace ma ka sa ta ciki, don ba ka san ta ba tukuna. Kada ka amince da amsoshin bayan littattafan kasuwa ido rufe, ana samun kuskuren ɗab'i a cikinsu. In amsa ta saɓa wa ƙa'idar da ka sani, kai ta gaban malami. Bayan mako uku ka waiwayi gidan dalilin, za ka tarar abu biyar ko shida ne ke ta maimaita kansu, su za ka tasa a gaba. Insha'i ɗaya kuma kowane mako, a ba wanda zai zagaye kurakuran da jan biro ya ƙirga su, a rubuta adadin a saman takardar don a gwada da na mako mai zuwa.