Kafin ka rubuta sunan mai shaida a fom ɗin neman aiki

Jama'ar Zango, akwai wani layi a ƙasan fom ɗin neman aiki da yawancinmu muke cikewa a gurguje, wurin da ake cewa ka kawo sunan mutum biyu ko uku da za su yi maka shaida. Wannan layin ya taɓa raba ni da abincin bakina, shi ya sa nake so mu yi maganarsa.

A lokacin ina riƙe da sito a wani shagon kayan gini a Adum, cikin Kumasi. Shekarata huɗu a wurin, makullan sito suna aljihuna, albashi kuwa bai motsa ba ga kuɗin ɗaki a Aboabo yana ta hawa. Sai na ga wani kamfani a Tema yana neman mai kula da sito, na cike fom. Da na zo wurin masu shaida ban yi dogon tunani ba, na rubuta sunan dattijon da ya kai ni shagon tun farko, aminin mahaifina. A ganina babu wanda ya fi shi sona da alheri, kuma har gobe ban canza wannan ra'ayi ba. Kuskurena ɗaya ne: ban je na gaya masa ba.

Suka kira shi ranar Laraba. Ya yabe ni iya yabo. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya ga maigidanmu, ya kama hannunsa ya ce, "Alhaji, ashe yaronmu zai bar ka? To a yi haƙuri, a sa masa albarka." Shi a tunaninsa an riga an gama magana tsakanina da maigida. Ranar Litinin da safe ina buɗe ƙofar sito, manaja ya zo ya tsaya a bayana, ya miƙo hannu ya ce in ba shi makullan. Bai ɗaga murya ba. Ya ce daga yau in koma lissafin buhunan siminti a bakin mota. Ƙarshen wata aka biya ni aka sallame ni. Mutanen Tema kuma suka ɗauki wani. Wata biyar na yi a zaune.

Da na je gaishe da dattijon, hawaye na gani a idonsa. Ya ce, "Ɗana, me ya hana ka zo ka faɗa mini? Da na san sirri ne, da bakina bai buɗe ba." Ban sami amsa ba, don gaskiyarsa ce.

Abin da nake so matasanmu su gane shi ne, neman wani aiki alhali kana kan aiki ba cin amana ba ne. Mun taso da tunanin cewa duk wanda ya ba ka aiki ya zama uba, barinsa kuma butulci ne. Girmama maigida wajibi ne, ban musa ba. Amma yarjejeniya ce tsakaninku, kai da guminka shi da kuɗinsa, kuma dokar ƙasa ma ta san za a iya rabuwa. Dokar Ƙwadago ta Ghana ta 2003, mai lamba 651, ta ce idan yarjejeniyar ta shekara uku ce ko fiye, sanarwar wata ɗaya ake bayarwa ko albashin wata ɗaya a madadinta. Idan ba ta kai shekara uku ba, mako biyu. Mai aikin mako-mako kuma kwana bakwai. Wannan ya hau kan ma'aikaci, ya hau kan maigida. Haƙƙin maigida a kanka shi ne ka ba shi wannan sanarwa, ka miƙa kayansa cif-cif, ka koya wa wanda zai gaje ka. Ba haƙƙinsa ba ne ya san kowace takarda da ka tura tun kana laluben hanya. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

To wa za ka rubuta? A nan ne muke yawan tafka kuskure, don mu a Zango girman mutum muke dubawa. Sai ka ga yaro ya rubuta sunan liman, ko sarkin unguwa, ko wani Alhaji mai motoci, mutanen da ba su taɓa ganinsa a bakin aiki ba. Idan aka kira su aka ce ya yake da lissafi, yana zuwa a kan lokaci, me za su ce ban da "yaron kirki ne, ɗan gidan mutunci"? Ku tuna labarin Annabi Musa a Madyana, cikin Suratul Ƙasas. 'Yar dattijon nan da ta ce wa mahaifinta ya ɗauke shi aiki don mai ƙarfi ne amintacce, ai da idonta ta ga yadda ya shayar musu da dabbobi a bakin rijiya. Shaidar gani ta bayar. Irin wannan shaidar masu ɗaukar aiki suke nema. Wanda ya shugabance ka a wurin da ka bari a baya, wanda ya kula da kai a shekarar hidimar ƙasa, malaminka na jami'ar KNUST ko na kwalejin da ka gama, mastan da ka koyi aiki a hannunsa a unguwar makanikai ta Suame Magazine, ko abokin aikin da ya riga ya bar wurin da kake yanzu. Sai ka ƙara tambayar kanka: wannan mutumin, shi da maigidana sahu ɗaya suke sallah? Majalisa ɗaya suke shan shayi? Kumasi babba ce, amma daga Asawase zuwa Tafo magana ba ta buƙatar kuɗin mota.

Kuma ka je da ƙafarka, ko ka kira. Ka gaishe shi, ka faɗa masa aikin da kake nema, ka tura masa takardunka ya san abin da ka rubuta, sannan ka furta da bakinka cewa wurin aikinka ba su sani ba tukuna. Kada ka ɗauka zai gane da kansa.

Idan sabon wurin suka nace sai sun ji daga bakin maigidanka na yanzu, kada ka yi ƙarya ka ce ba ka aiki. Ka ce musu cikin ladabi kana nan kan aiki, ba ka sanar ba, za su iya tuntuɓarsa bayan sun ba ka takardar ɗauka a rubuce. In hujja suke so cewa kana aiki a wurin, ga takardar da aka ɗauke ka da ita, ga takardar albashi, ga bayanin SSNIT, wato asusun fanshon ma'aikata, da ke nuna watannin da aka zuba maka, kashi 13 daga maigida da kashi 5.5 daga albashinka. (Wanda maigidansa ba ya zuba masa SSNIT, wannan wani ciwon ne daban, kuma ya yi yawa a shagunanmu.) Wurin da suka ƙi jira, suka ce sai ka tona kanka tun ba su yi maka alkawarin komai ba, ni dai zan ja da baya. Ba a sakin na hannu a kama na guje.

Wani abu kuma, mai shaida daban, garanto daban. Mai shaida faɗin abin da ya sani kawai zai yi. Garanto kuwa sa hannu yake yi cewa in kuɗi ya ɓace a hannunka shi za a kama, kamar yadda ake yi wa masu riƙe kuɗi a shago da masu zama a rumfar MoMo ta tura kuɗi ta waya. Kada ka ce wa mutum shaida ce alhali takardar garanto ka kawo masa.

Mu kuma da ake rubuta sunayenmu, Manzon Allah (SAW) ya ce wanda aka nemi shawararsa, amana aka ba shi. In ba za ka iya faɗin alheri a kan yaro ba, ka gaya masa tun farko ya nemi wani. Kada ka amsa masa da fara'a sannan ka sare shi a waya.

Makon jiya wata 'yar yayata da ke aiki a wani kantin magani ta zo gida bayan magariba. Ta daɗe tana wasa da bakin mayafinta kafin ta ce, "Kawu, ina so in sa sunanka, amma Hajiya mai kantin ba ta sani ba." Na ce ni ban taɓa ganin aikinki ba, kuma ni ɗan'uwanki ne, shaidata ba za ta yi nauyi ba. Muka zauna muka tuno matar da ta kula da ita a asibitin da ta yi hidimar ƙasa. Ta kira ta a gabana, ta gaishe ta, ta yi mata bayani, ta roƙe ta maganar ta tsaya a tsakaninsu. Matar ta ce ta turo takardunta da daddare. Jibi za ta je intabiyu, kuma ko mahaifiyarta ban faɗa wa ba.