Shi ma yana so ya ce littafin ya fi fim ɗin

Ina da wani aboki makaho, mun fi shekara goma tare, kuma cikin duk mutanen da na sani babu wanda ya kai shi son musu a kan fim. Ranar da na fara jin ya ce "na kalli fim ɗin jiya" sai da na ɗan yi turus. Ya ji shirun nawa, ya kwashe da dariya ya ce, "To mutumina, me kake so in ce? Na shinshina shi?" Tun ranar na daina gyara masa magana, ko a zuci.

Fim ɗin Oppenheimer na 2023, labarin masanin da ya jagoranci ƙera bam ɗin nukiliya na farko, shi ne ya jawo wannan rubutu. Waɗanda suka gan shi za su tuna wurin gwajin bam ɗin nukiliya na farko, wanda aka yi ranar 16 ga Yuli 1945 a hamadar New Mexico. Ana ta ƙirga daƙiƙu, kiɗa yana ta hawa, zuciyar kowa na bugawa, sai kawai ɗif. Mai shirya fim ɗin ya ɗauke sauti da gangan, domin haske yana riga ƙara isowa. Mu masu ido muna ganin wuta tana tashi sama, muna ganin fuskokin da hasken ya wanke. Shi kuwa abokina, da ya fara kallonsa babu muryar da ke siffanta masa komai, numfashin mutane kawai yake ji. Ya ce ya ɗauka na'urar ce ta samu matsala, har ya kai hannu zai taɓa ta, sai ga ƙarar ta zo ta kusa tada shi daga kujera. Wato daidai inda fim ɗin ya kai ƙololuwa, nan aka rufe masa ƙofa.

Abin da ke maganin wannan shi ne bayanin murya. Wani ne zai zauna ya kalli fim ɗin sau da yawa, ya rubuta gajerun jimloli da za a cusa a 'yan gurabun da ke tsakanin maganganun 'yan wasa, sannan a naɗe su a matsayin sauti na daban da za ka kunna in kana so. Aiki ne mai wuyar gaske. Ba a yarda ya yi magana a kan maganar ɗan wasa ba, kuma gwani ba zai ce maka "ya fusata" ba, cewa zai yi "ya dunƙule hannu, ya kau da kai", ya bar maka hukuncin. Wani lokaci daƙiƙa uku gare shi, a cikinta zai zaɓi abu ɗaya daga abubuwa goma da ke kan allo. Ba yau aka fara ba: tun 1981 wata mata mai larurar gani, Margaret Pfanstiehl, ta soma shirya irin wannan a gidan wasan kwaikwayo na Arena Stage da ke Washington. Amma duk da haka a 2015 Netflix ta saki shirin Daredevil, wanda jaruminsa makaho ne, babu bayanin murya. Sai da makafi suka yi caa sannan aka saka cikin 'yan kwanaki. Labarin makaho, an sayar wa kowa ban da makaho.

To amma ga inda nake son zuwa. Ko bayanin murya ya kai ƙarshen kyau, idon wani ne. Abin da mai bayanin ya ga ya dace ka sani, shi za ka sani. Littafin da aka ciro fim ɗin daga cikinsa kuwa, a nan ne mai ido da makaho suke tsayawa daidai wa daida, domin marubuci bai ba kowa hoto ba, kalmomi ya ba mu duka, kowa ya gina nasa a ka. Oppenheimer daga littafin American Prometheus na Kai Bird da Martin Sherwin aka samo shi, wanda ya fito a 2005, shafinsa ya haura 700. Fim ɗin awa uku ne, littafin in za ka saurare shi ya wuce awa ashirin. Abokina ya saurare shi kaf. Da muka haɗu, ni da na yi kallo da idona biyu sai na koma ɗan kallo a hirar, shi ne ke gaya mini abin da aka taƙaita da abin da aka tsallake. Mun saba cewa gani ya kori ji. A ranar dai ji ne ya kori gani.

Shi ya sa duk lokacin da na ga ɗakin karatun makafi ya fitar da jerin littattafan da ke bayan finafinan da ake yayi, a murya da kuma Braille, wato rubutun ɗigo-ɗigo da makafi ke karantawa da yatsa, ba na ɗaukarsa ƙaramin abu. Wasu za su ce ai wannan nishaɗi ne, a fara da littattafan makaranta tukuna. Na ji, kuma ban ƙi ba. Sai dai hira lokaci gare ta. Fim ya fito yau, mako biyu ko uku ana cacar baki a kansa a wurin aiki da kafafen sada zumunta, sannan a wuce. In littafin bai iso hannun makaho ba sai bayan shekara biyu, ihu ne bayan hari. Ya karanta, amma da wa zai yi musun?

Kuma wannan jinkiri tsohon ciwo ne. Ƙungiyar Makafi ta Duniya ta daɗe tana kiransa yunwar littafi, tana cewa ƙasa da kashi 10 cikin 100 na littattafan da ake bugawa ne ke samuwa ta hanyar da makaho zai iya karantawa, a ƙasashe matalauta kuwa abin ya fi haka muni nesa ba kusa ba. Ɗaya daga cikin dalilan dokar haƙƙin mallaka ce: kafin ka mayar da littafi zuwa Braille sai ka nemi izini, kuma wanda aka riga aka yi a wata ƙasa ba shi da ikon tsallake iyaka, ko da harshensu ɗaya. Sai a yi aiki ɗaya sau biyu, sau uku, da ɗan kuɗin da dama bai isa ba. Yarjejeniyar Marakesh da aka cim ma a Maroko a 2013, ta fara aiki a 2016, ita ce ta warware wannan ƙulli ga ƙasashen da suka shiga. Amma takarda ba ta naɗar murya, ba ta buga ɗigo. Sai an samu mai yi.

Akwai kuma wata magana da ke ba ni haushi, wai tunda ga littafin saurare, Braille ya zama tsohon yayi. Littafin saurare alheri ne babba, tun shekarun 1930 da aka fara naɗarsa a faifai a Amurka da Birtaniya, inda sojojin da suka rasa idanu a yaƙin duniya na farko suke cikin waɗanda aka yi dominsu. Wanda yanar ido ko ciwon suga ya makantar da shi yana da shekara sittin, da wuya yatsunsa su koyi sabon karatu, murya ce gatansa. Amma ka tambayi kanka, za ka yarda a ce ɗanka mai ido ba sai ya koyi rubutu ba tunda akwai rediyo? Mai saurare bai san yadda ake rubuta sunan da yake ji ba, bai san inda aka sa waƙafi ko aya ba, kuma mai karanta masa ya riga ya zaɓa masa inda za a ɗaga murya da inda za a sassauta. Mai Braille shi da marubuci ne kawai, babu ɗan aike. Louis Braille, wanda ya tsokane idonsa da basillar mahaifinsa yana ɗan shekara uku a ƙauyen Coupvray na Faransa, yana da shekara 15 ya rage ɗigo 12 na tsarin da wani Bafaranshe, Charles Barbier, ya ƙirƙiro tun kafin nasa zuwa shida, don kan yatsa ya rufe harafi a taɓawa ɗaya. Ɗigo shida, alama 63. Ya wallafa a 1829, ya rasu a 1852, makarantar da ya koyar a cikinta ba ta karɓi tsarin a hukumance ba sai 1854. Masu ido ne ke yanke wa makafi abin da ya dace da su tun a wancan zamani, kuma ina zargin masu cewa a bar Braille yau lissafin kuɗi suke yi, don littafi ɗaya yakan zama mujalladai masu yawa, na'urar da ke ɗago ɗigon da lantarki kuma tana da tsada.

Sai zane da sassaƙa, inda abin ya fi wuya. Gidan tarihi ko'ina a duniya dokarsa ta farko ita ce kar a taɓa, kuma da dalilinta, maiƙon hannu yana cin kaya a hankali. Sai dai ga makaho wannan doka daidai take da kar a shigo. A 2015 gidan Prado na Madrid ya ɗauki zane shida, ciki har da na Goya da na Velázquez, ya yi musu kwafi mai tudu da kwari da yatsa zai bi, har masu ido ake ba tabarau mai toshe gani su gwada. A birnin Ancona na Italiya akwai gidan Omero da aka buɗe a 1993, wanda wasu ma'aurata makafi, Aldo Grassini da Daniela Bottegoni, suka assasa bayan sun gaji da jin kar a taɓa a duk inda suka je. A can taɓawar ce ƙa'ida. Na fi son na biyun, domin na Prado shida ne cikin dubbai. Kuma kada a ɗauka da zarar an tada zane ya yi tudu shi ke nan. Ido yana ɗaukar hoto gaba ɗaya a kallo guda, hannu kuwa kaɗan-kaɗan yake tarawa, daga kunne zuwa kafaɗa zuwa gefen riga, sai an ba shi lokaci da mai yi masa hannunka-mai-sanda. Launi kuma ba ya taɓuwa. Na taɓa tambayar abokina ko bayanin launi ɓata lokaci ne a wurinsa, ya ce a'a, ya san ja ba ta zama inda shuɗi ke zama a zancen mutane, a gaya masa kawai. Wanda ke shakka ya nemi labarin Eşref Armağan na Turkiyya, da aka haifa makaho amma yake zane da yatsunsa, har yana nuna nisa da kusa, abin da ya sa masana suka yi ta nazarinsa.

Karin maganar nan da ke cewa makaho ya rasa ido ya ce ido wari gare shi, ban taɓa jin ta gaskata a bakin makahon da na sani ba. Ba su raina abin kallo ba, tambaya suke yi a kansa, mu ne ke ƙosawa da amsa.

Ni kaina ban tsira ba. Kwanaki na saka hoton wani zane a Facebook, na rubuta "ku ga ikon Allah" kawai, mutane suna ta yabawa. Akwai wurin da ake rubuta bayanin hoto don manhajar da ke karanta wa makafi waya ta furta, ban cika ba, ko minti ɗaya ba zai ɗauke ni ba. Tun 2016 Facebook ke ƙoƙarin yin wannan bayani da kansa in ka bar shi fayau, sai dai iyakarsa ya yi hasashe. Can da dare sai ga saƙon murya daga mutumin. "Wayata ta ce wataƙila akwai mutum ɗaya da bishiya. Wanne ne ikon Allahn, mutumin ko bishiyar?" Na zauna na rubuta masa layi biyar. Ya saurara, ya dawo ya ce in dai yadda na faɗa ne, mai zanen ya cika wa hoton kaya, da ya cire bishiyar.